Mujallar Gies da Ƙarni Guda na Binciken Haƙori

A watan Maris na shekarar 1919, watanni huɗu bayan an ajiye makamai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata sabuwar mujalla ta fara fitowa a Amurka da sunan Journal of Dental Research, wadda aka keɓe kacokan ga binciken kimiyya a kan haƙori da baki. Wanda ya kafa ta, ya kuma zama editanta har shekara 16, ba likitan haƙori ba ne. Sunansa William John Gies, haifaffen jihar Maryland a shekarar 1872, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Yale, ya zama farfesan ilimin sinadaran jiki a Jami'ar Columbia da ke birnin New York. Kafin a fahimci abin da ya sa baƙo ya ɗauki wannan nauyi alhali masu sana'ar suna nan da ransu, sai an koma baya shekara 80, zuwa lokacin da aikin haƙori ya fara neman gurbi a tsakanin sana'o'in ilimi.

A shekarar 1839 aka fara buga American Journal of Dental Science, mujallar haƙori ta farko a duniya, a shekarar da ta biyo baya kuma Horace Hayden da Chapin Harris suka buɗe kwalejin koyar da aikin haƙori a Baltimore, wadda ita ma babu irinta kafin nan. Matakin ya ɗaga darajar sana'ar, amma ya zo da abin da ba a hango ba, domin kwalejin ta tsaya ita kaɗai a wajen makarantun likitanci, makarantun haƙorin da suka biyo baya kuma suka bi sahunta. Da yawa daga cikinsu na 'yan kasuwa ne, ribarsu tana cikin yawan ɗalibai, abin da suke koyarwa kuwa aikin hannu ne: cire haƙori, cike kogo, ƙera na roba. Mujallun ma haka suka kasance. Wadda ta fi kowacce suna, Dental Cosmos, da ta fara fitowa a Philadelphia a 1859, ta kamfanin S. S. White ce, mai sayar wa likitocin haƙori kayan aiki. Ba za a yi mata adalci ba idan aka ce ba ta buga abin kirki ba, domin manyan masanan zamanin a cikinta suka yi rubutu. Amma mujallar da mai kaya ke biyan kuɗin bugunta, da wuya ta fito fili ta kushe kayan, mai karatu kuma ba shi da hanyar rarrabe shaidar gwaji da yabon ɗan kasuwa.

Ilimin da ake da shi a lokacin a warwatse yake. A 1890 Willoughby Miller, Ba'amurken da ke aiki a Berlin a zamanin da masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch ke tashe, ya fitar da littafinsa a kan ƙwayoyin cutar bakin ɗan Adam, inda ya bayyana cewa ƙwayoyin nan suna mayar da ragowar abinci mai sitaci da sukari asid, asid ɗin kuma ya narkar da haƙori. Magana ce da ta kama hanya, sai dai ba a tabbatar da ita a jikin halitta mai rai ba. Sannan a watan Oktoba na 1910 wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya tsaya a Jami'ar McGill da ke Montreal ya zargi likitocin haƙori na Amurka da rufe ruɓaɓɓun haƙora da zinariya, su bar ruɓa a ƙarƙashi tana zuba wa jiki guba. Zargin ya bazu, likitoci suka rungumi ra'ayin cewa haƙori ne tushen cututtuka da dama, tun daga ciwon gaɓoɓi har taɓin hankali, aka shiga cire haƙoran mutane ba ƙaƙƙautawa, har da waɗanda za a iya ceto. Likitocin haƙori suka rasa abin kare kansu, suka kuma rasa abin gyara kuskurensu, saboda ba su da gwaje-gwajen da za su nuna.

A cikin wannan yanayi ne, wajen shekarar 1910, wasu likitocin haƙori na New York suka je wa Gies da roƙon ya duba musu sinadaran miyau da alaƙarsu da ruɓewar haƙori. Ya amsa, kuma shekarun da ya yi a kan aikin sun nuna masa cewa sana'ar tana da masu basira, abin da ta rasa shi ne wurin da mai bincike zai ajiye sakamakonsa a gaban takwarorinsa, su tantance, su maimaita gwajin, su karɓa ko su ƙi. Mujallar ta zo a 1919. A ranar 10 ga Disamba, 1920, ya tara wasu masana a New York suka kafa ƙungiyar masu binciken haƙori ta duniya, wadda aka sani da IADR, domin mujalla ba ta rayuwa sai da masu rubuta mata. A 1921 kuma Gidauniyar Carnegie, wadda rahotonta na 1910 ya riga ya girgiza makarantun likitanci, ta ɗora masa aikin bincikar makarantun haƙori na Amurka da Kanada. Ya zaga su ɗaya bayan ɗaya, rahotonsa ya fito a 1926, inda ya nemi a mayar da koyarwar cikin jami'o'i, a ɗauki malaman da ba su da wata sana'a sai koyarwa da bincike, a kuma ɗauki lafiyar baki a matsayin reshen lafiyar jiki. Makarantun 'yan kasuwa ba su yi tsawon kwana ba bayan wannan rahoto.

Shekarun farko ba su zo wa mujallar da sauƙi ba, shaidar hakan kuma tana nan a lambobin kundayenta. Wanda ya ɗauko fitowar 1955 zai ga an rubuta kundi na 34, alhali da tana cika kundi guda kowace shekara tun 1919, da na 37 ne. Shekaru ukun da suka salwanta sun faɗa a tsakiyar shekarun 1920 da tsakiyar shekarun 1930, lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci, aikin kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Masu sayenta kaɗan ne, domin likitan da majinyata ke jira a ƙofarsa ba ya ganin abin da jerin alƙaluma zai ƙara masa. Gies ya ƙi miƙa ta ga kowane kamfani, ya ci gaba da neman gudummawa daga ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane, har zuwa tsakiyar shekarun 1930 da IADR ta karɓi mallakarta, shi kuma ya sauka daga kujerar edita a 1935. Shekara guda bayan haka Dental Cosmos ta yi fitowarta ta ƙarshe a hannun kamfani, aka haɗe ta da mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka. Fafutukar da Gies da abokansa suka yi, ta ganin masu ilimi sun mallaki mujallunsu, ta yi nasara yana raye. Ya rasu a 1956.

Duk da haka, babban binciken da ya sauya lafiyar haƙori a rabin farko na ƙarnin bai bi ta shafukanta ba sai kaɗan. Frederick McKay, likitan haƙorin da ya isa Colorado Springs a 1901 ya tarar da mutanen garin da haƙora masu tabon ruwan ƙasa, a Dental Cosmos ya buga bayaninsa tare da G. V. Black a 1916, inda suka lura cewa haƙoran nan masu tabo ba su fi sauran saurin ruɓewa ba. A 1931 wani masanin sinadarai, H. V. Churchill, ya gano yawan fulorayid a ruwan garin Bauxite na jihar Arkansas. H. Trendley Dean na hukumar lafiyar al'umma ta Amurka ya bi garuruwa yana auna ruwa yana duba bakin yara, har ya tsayar da cewa kimanin kashi ɗaya cikin miliyan yana rage ruɓewa ba tare da ya ɓata haƙori sosai ba, mafi yawan rahotanninsa kuma a mujallar hukumarsa suka fito. A ranar 25 ga Janairu, 1945, birnin Grand Rapids na jihar Michigan ya zama na farko da ya zuba fulorayid a ruwan famfo. Yaƙin Duniya na Biyu ma ya tona wani asiri, domin rashin isassun haƙora yana cikin manyan dalilan da suka sa aka mayar da samari gida a farkon ɗaukar soja. Wannan yana cikin abin da ya sa gwamnati ta kafa cibiyar binciken haƙori ta ƙasa a 1948, Dean ya zama shugabanta na farko, kuɗin gwamnati ya fara kwarara zuwa ɗakunan gwaje-gwaje, abin da ɗakunan suka samar kuma ya nemi inda za a buga shi. Mujallar da ta yi shekara 30 tana jiran irin wannan rana tana nan a shirye, a hannun Hamilton Robinson, wanda ya riƙe ta daga 1936 zuwa 1958.

Tun a 1944 ta buga aikin Robert Stephan, wanda ya auna tsamin dauɗar da ke manne a haƙoran mutane bayan sun kurkure baki da ruwan sukari, ya nuna cewa cikin 'yan mintoci tsamin yake hauhawa, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin miyau ya kwantar da shi, kuma a bakin masu yawan ruɓewa ya fi tsanani. Daga nan aka fara fahimtar cewa yawan kai zaƙi baki a yini yana da nauyi kamar yawan zaƙin kansa. Shekara goma bayan haka, a 1954, Frank Orland na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa na Jami'ar Notre Dame suka kawo hujjar da Miller bai samu ba. Sun yi amfani da ɓerayen da aka ciro asalin zuriyarsu daga cikin uwa ta hanyar tiyata, aka raine su a rufaffun tankunan ƙarfe, iskar da suke shaƙa tatacciya, abincinsu da ruwansu an kashe duk ƙwayar da ke ciki, ta yadda babu ƙwayar cuta ko ɗaya a bakinsu. Aka ciyar da su abinci mai yawan sukari, irin wanda ake ba takwarorinsu da ke zaune a keji na yau da kullum. Da aka duba haƙoran, na ɓerayen waje sun ruɓe, na cikin tanki kuwa lafiya lau. Shekara 64 bayan littafin Miller, an tabbatar cewa sukari ba ya cin haƙori sai da ƙwayoyin cuta. Orland shi ya gaji Robinson a kujerar edita a 1958.

A wannan shekara dai ta 1954, Joseph Muhler da abokan aikinsa na Jami'ar Indiana suka buga sakamakon gwajin man goge baki mai fulorayid a kan yara, wanda ya nuna raguwar sababbin koguna. Kamfanin Procter & Gamble ne ya ɗauki nauyin aikin, man ya shiga kasuwa da sunan Crest a tsakiyar shekarun 1950, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka kuma ta amince da shi a 1960. Kuɗin kamfani ya dawo cikin bincike ke nan, kuma yana nan har yau; abin da ya bambanta da zamanin Dental Cosmos shi ne, yanzu sai kamfanin ya kai kayansa gaban gwaji, ya bar wasu su karanta alƙaluman. A ganina wannan bambanci, duk da bai kawar da son zuciya ba, yana cikin mafi girman abin da mujallar ta yi wa talakan da ke sayen man goge baki a kanti.

A watan Disamba na 1955 aka buga maƙalar da ta fi cancanta a tsaya a kanta, gajeruwa mai shafi biyar kacal, ta Michael Buonocore na cibiyar Eastman da ke Rochester a jihar New York. Har zuwa lokacin babu abin ciko da ke manne wa haƙori. Likita yakan yi amfani da haɗin azurfa da zaiba, kuma don cikon ya zauna dole ya fafe kogon ta yadda cikinsa zai fi bakinsa faɗi, ya yanke lafiyayyen sashe tare da ruɓaɓɓe, bisa ƙa'idojin da Black ya shimfiɗa tun ƙarshen ƙarni na 19. Robar akirilik da aka fara gwadawa bayan yaƙi ta yi kama da launin haƙori, amma takan tsuke idan ta daskare, ta bar 'yar kafa a gefe, miyau da ƙwayoyin cuta su kutsa. Buonocore ya lura cewa a masana'antu ana wanke ƙarfe da asid ɗin fosforik kafin a shafa masa fenti don fentin ya kama, sai ya yi tunanin ko ɓawon haƙori, wato farin rufin nan mai tauri, zai yi haka. Ya shafa asid mai ƙarfin kashi 85 cikin ɗari a haƙoran gaba na wasu masu sa kai na tsawon daƙiƙa 30, ya wanke, ya ɗiga robar a kai, ya ɗiga irinta a haƙoran da ba a shafa wa komai ba, sannan ya riƙa duba wanne zai fara faɗuwa. Ɗigon da ke kan haƙoran da ba a taɓa ba ya ɓalle da wuri, wanda ke wurin da asid ya bi kuwa ya riƙe ƙam, domin kamar yadda aka tabbatar daga baya, asid ɗin yakan buɗe ƙananan ramuka a fuskar ɓawon, robar ta shige ta daskare a ciki.

Maƙalar ta fito, aka yi shiru. Likitocin da aka koya wa cewa asid ne abokin gaban haƙori ba su ga dalilin da za su shafa shi da hannunsu ba, robar zamanin kuma ba ta jure tauna. Sai a 1962 Rafael Bowen, a hukumar ma'aunai ta ƙasa da ke Washington, ya samar da sabuwar roba mai ƙarfi da ƙarancin tsukewa. Sai a 1967 Buonocore da abokin aikinsa suka nuna cewa da wannan dabara za a iya toshe tsagogin haƙoran tauna na yara kafin ruɓa ta shiga. Sai a shekarun 1970 kayan suka cika kasuwa. Daga nan abin ya zama ruwan dare. Farin cikon da ake yi wa mutum yau a Kano ko Yamai ko Landan, da ƙarafan daidaita haƙora da ake manna wa matasa, da gyaran haƙorin gaba da ya gutsure ba tare da an cire shi ba, duk a kan waɗancan shafuka biyar suka tsaya.

A watan Yuli na 1955, watanni biyar kafin maƙalar Buonocore, wani masanin tsara bayanai mai suna Eugene Garfield ya buga shawara a mujallar Science, cewa a riƙa lissafa yadda masu bincike ke ambaton aikin juna, domin a bi sawun ra'ayi daga maƙala zuwa maƙala. Ya kafa cibiyarsa a Philadelphia, kundin ambato ya fara fitowa a kai a kai daga 1964, daga 1975 kuma aka shiga fitar da rahoton shekara-shekara mai ba kowace mujalla lambar da ake kira ma'aunin tasiri. Lissafin mai sauƙi ne: a ɗauki maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyu da suka wuce, a ƙirga ambaton da suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. An ƙirƙiro shi ne don zaɓar mujallun da za a sa a kundi da waɗanda ɗakunan karatu za su saya, amma sannu a hankali jami'o'i suka mayar da shi sikelin ƙarin girma, masu ba da tallafi suka mayar da shi sharaɗi. Journal of Dental Research ta daɗe a sahun gaba na mujallun haƙori bisa wannan ma'auni, kuma ta cancanta. Sai dai da a ce ma'aunin yana aiki a 1957, da maƙalar Buonocore ba ta ƙara mata wani abin a zo a gani ba, domin wa'adin shekara biyun ya cika tun kafin a waiwaye ta. Mai auna bincike da wannan sikeli daidai yake da wanda ya dasa dabino, ya dawo da kwando bayan damina biyu.

Fannonin da mujallar ke ɗauka sun yi ta faɗaɗa tare da faɗaɗar kimiyya. Daga sinadaran miyau da ɓawon haƙori aka shiga ƙwayoyin cutar dasashi da garkuwar jiki, aka shiga girman ƙashin muƙamuƙi da gadon halittar da ke haifar da tsagewar leɓe da ganɗa, har zuwa ciwon dajin baki da dashen haƙori na ƙarfen titaniyam. Amma mujalla ba ta iya buga abin da ba a bincika ba, kuma ba a bincikar abin da ba a ba da kuɗinsa ba. A 1971 cibiyar binciken haƙori ta Amurka ta ƙaddamar da shirin kawar da ruɓewar haƙori cikin shekara goma, ta karkata ga neman allurar rigakafi da sinadaran narkar da dauɗar haƙori, ta bar batun rage shan sukari a baya. A 2015 Cristin Kearns da abokan aikinta na Jami'ar California da ke San Francisco suka fitar da nazarin wasu takardu 319 na masana'antar sukari, suka nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na wani rahoton da masana'antar ta miƙa ya shiga cikin takardar farko da cibiyar ta fitar ta gayyatar masu bincike. Allurar ba ta samu ba har yau, kuma a shekarun da aka yi ana nemanta, tambayar da ta fi kusa, ta abin da yara ke ci da sha, ba ta sami kulawar da ta kamata ba.

A 1982 mujallar ta keɓe fitowa ta musamman ga taron da aka yi a Boston a kan raguwar ruɓewar haƙori, inda masana daga Amurka da arewacin Turai da New Zealand suka kawo alƙaluman da ke nuna cewa haƙoran yaran ƙasashensu sun fi na iyayensu lafiya nesa ba kusa ba, aka kuma danganta hakan musamman da fulorayid. Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne, amma na wani yanki ne na duniya. A daidai waɗannan shekaru sukari da lemon kwalba suna ƙara shiga biranen Afirka da Asiya, inda likitan haƙori ɗaya ke fuskantar dubun dubatar mutane. Najeriya kanta ba ta sami makarantar horar da likitocin haƙori ba sai a 1966, a Jami'ar Legas. A Tanzaniya, a tsakiyar shekarun 1980, Jo Frencken ɗan ƙasar Holan ya fara gwada cike kogo da kayan hannu kawai, ba injin huda ba lantarki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta gabatar da dabarar ga duniya a 1994. Irin wannan aiki ba ya tara ambato kamar nazarin ɗakin gwaje-gwaje, saboda masu cin moriyarsa ba sa rubuta maƙala.

Sai da aka shiga ƙarni na 21 mujallar ta buga ƙididdigar da ta haɗa duniya baki ɗaya. A 2013 Wagner Marcenes na Jami'ar Queen Mary ta Landan da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a 2010 mutum biliyan 3.9 suna fama da wata matsalar baki, kuma a cikin cututtuka da lalurori 291 da aka auna, ruɓewar haƙoran dindindin da ba a yi wa magani ba ita ta fi kowacce yaɗuwa, ta kama kashi 35 cikin ɗari na 'yan Adam. A 2014 wani nazarin ya sa ciwon dasashi mai tsanani, wanda ke sa haƙori girgiɗi har ya faɗi, a matsayi na shida, da mutum miliyan 743. A farkon 2014 ɗin kuma Paula Moynihan da Sarah Kelly na Jami'ar Newcastle suka buga nazarin da ya tattara binciken shekaru da dama a kan sukari da ruɓewa, bisa buƙatar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a kan wannan aiki, tare da wani a kan ƙiba, hukumar ta gina shawararta ta watan Maris na 2015: kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin abincin yini, in an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. A nan ana iya bin sawun tasiri ƙafa da ƙafa, daga shafin mujalla zuwa takardar hukuma, daga nan zuwa muhawarar harajin lemon kwalba a majalisun ƙasashe, muhawarar da ta iso Najeriya a dokar kuɗi ta 2021 da harajin naira 10 a kan kowace lita.

Masu bincike su kansu sun fara ƙosawa da mulkin lambobi. A watan Disamba na 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar neman a daina auna darajar mai bincike da lambar mujallar da ta buga aikinsa, kuma abin da ya faru a 2020 ya nuna dalilinsu. A watan Maris na shekarar, likitocin asibitin haƙori na Jami'ar Wuhan suka buga a mujallar bayanin haɗarin cutar korona ga masu aiki a bakin majinyata da matakan kariya. Maƙala ce mai amfani da ta zo a kan gaɓa, cikin ɗan lokaci kuma ta tara ambato fiye da dubu. Lambobin mujallu da dama sun yi sama a shekarun annobar, suka sauko bayan ta lafa, alhali editocin da masu tantancewar su ne dai na da.

Akwai kuma abin da ya zauna a gefen wannan fage gaba ɗaya, kuma ƙasar Hausa ta san shi ido da ido. Fulorayid ɗin da ya zama alheri a Grand Rapids, a garin Tibiri kusa da Maraɗi ya zo da yawan da ya wuce kima a ruwan rijiyar burtsatse daga tsakiyar shekarun 1980, ya ɓata haƙoran yara, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu, fiye da shekara 50 bayan an san sanadin tabon da McKay ya gani. Ilimin yana nan a rubuce, gwajin ruwan ne bai zo a kan lokaci ba. Cutar noma kuwa, wadda ke farawa da gyambo a dasashin yaro mai tamowa ɗan shekara biyu zuwa shida, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, ta cinye kunci da leɓe cikin kwanaki, tana kashe kusan tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita idan an gano ta da wuri. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998, na sababbin masu kamuwa 140,000 a shekara, shi aka yi ta maimaitawa fiye da shekara 20 saboda rashin sabon ƙirge. Cyril Enwonwu, masanin Najeriya da ya ba wannan cuta shekaru masu yawa na rayuwarsa, da masu binciken Geneva da suka bi yara a yankin Damagaram, manyan rahotanninsu sun fito ne a mujallun likitanci na gaba ɗaya irin su Lancet, da na cututtukan ƙasashe masu zafi.

Ƙungiyar da Gies ya kafa ba ta yi babban taronta a nahiyar Afirka ba sai a watan Yuni na 2014, a Cape Town, kusan shekara 94 bayan kafuwarta. A tsakanin haka asibitin yara masu cutar noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya ci gaba da karɓar majinyata daga jihohin arewa maso yamma, likitocinsa da abokan aikinsu suna tattara bayanai a kan waɗanda suka iso da rai. A watan Janairu na 2023 gwamnatin Najeriya ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya takardar neman a sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a madadin ƙasashe 32, hukumar kuma ta sanar da amincewarta a ranar 15 ga Disamba, 2023, noma ta zama ta 21 a jerin. Shiga wannan jeri ne ke ba mai bincike a Sakkwato ko Damagaram damar neman tallafin da ake ware wa waɗannan cututtuka, kuma sai da tallafin ake samun ƙirge da gwajin da editan mujalla zai iya aika wa masu tantancewa.